Yadda Za Ki Yi Gyaran Gashin Geisha na Japan a Gida Ba Tare da Kin Kashe Gashinki Ba

Geisha su ne matan Japan masu sana'ar nishaɗantar da baƙi da rawa, waƙa da kiɗan gargajiya. Mafi yawan geishar da kike gani a hoto da gashi baƙi wuluk yana sheƙi, hular gashi ce a kansu. Sunanta katsura, ana auna kan mace a ƙera mata tata, ta sa da yamma in za ta fita aiki, ta cire in ta dawo. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan ya zama ruwan dare a tsakaninsu. Waɗanda har yau ake ɗaure wa gashin kansu su ne maiko, 'yan matan da ke koyon sana'ar rawa, waƙa da kaɗa shamisen (wani abin kiɗa mai tsirkiya uku) a unguwanni biyar na birnin Kiyoto: Gion Kobu, Gion Higashi, Pontocho, Miyagawacho da Kamishichiken. Maiko takan fara tun tana 'yar shekara 15 zuwa 16, ta je wurin mai gyaran kai kamar sau ɗaya a mako. Ana miƙar da gashin da ƙarfe mai zafi, a shafe shi da kaki mai tauri da suke kira bintsuke, irin wanda 'yan kokawar sumo ke amfani da shi, sannan a ɗaure tushensa tamau da igiyar takarda. Da dare ba ta sa kai a filo, sai ta ɗora wuya a kan wani ɗan matashi mai tsayi, takamakura, don kada gyaran ya rushe. Bayan shekaru, da yawansu sukan sami ɗan sanƙo a tsakar ka, daidai inda ɗaurin yake zama.

Wannan sanƙon shi za mu guje wa. Abin da ke ba gyaran siffarsa shi ne tsaga mai kyau da cushen da ke ƙarƙashi. Jan gashi da kaki aikinsu kawai su sa gyaran ya yi mako guda, ke kuwa yini ɗaya kike buƙata. Su kansu Japanawa suna da hanya mai sauƙi da suke kira shin-nihongami, wadda ake yi wa 'yan mata ranar sabuwar shekara ko bikin cika shekarun girma, da fil da cushe, a warware a ranar. Ita za mu bi. Gina gashi a kan cushe ba baƙon abu ba ne a wurinmu: kitson doka na kakanninmu a kan tsumma ake ɗora shi.

Salon da za mu yi shi ne wareshinobu, na maiko mai farawa, mai dunƙulen gashi a tsakar ka da jan yadi yana leƙowa gaba da baya. Ya fi sauran sauƙi a gida, kuma shi mutane suka fi ganewa.

Kayan aiki

Ki tanadi mataji mai manyan haƙora, da mai tsinke a gindi don tsaga, da burushi mai laushi. Fil ɗin gashi iri biyu, na matsewa da masu baki biyu, ki duba kowanne yana da ɗan dunƙulen roba a bakinsa. Wanda robarsa ta fita ki jefar, yana yankar gashi kuma yana karce fata. Ribom na yadi marar ƙarfe, baƙin zaren kitso mai kauri, baƙar safa mai santsi guda biyu ko uku, auduga ko baƙin ulu, ragar gashi siririya, da jan yadi mai laushi kamar tsawon kamu ɗaya. Na asali kanoko ne, siliki mai fararen ɗigo-ɗigo da ake samarwa ta hanyar ƙulle yadin kafin a rina shi, amma kowane jan yadi mai santsi zai yi. Madubi biyu. In da hali, ki kira 'yar'uwa ko ƙawa ta riƙe miki, don aikin bayan kai da hannu biyu yana da wuya.

Batun mai: Japanawa da man tsubaki suke gyara gashi, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wani icen fure, har matajinsu na icen tsuge a cikinsa ake jiƙa shi. In kin samu, madalla. In babu, man kaɗanya ɗan kaɗan da kika narkar a tafin hannu, haɗe da ɗigon man zaitun ko na kwakwa, zai ba ki sheƙi da kwanciya. Kada ki sayi bintsuke don wannan aiki. Fitar da shi yana cin ruwan zafi da wanki a kai a kai, kuma a wurin wankin ne gashi mai murɗiya yake kakkaryewa. Jel mai barasa a ciki shi ma ki bar shi, busar da gashi yake yi.

Kwana biyu kafin ranar

Gyaran yana son gashin da ya miƙe, wanda ya kai kafaɗa ko kusa, na gaba kuma ya kai haɓa in an ja shi. Ki wanke kai, ki sa kwandishina mai kyau ya jima, ki taje tun daga baki kina hawa zuwa tushe. Yana da sauran danshi ki raba shi gida takwas ko goma ki yi masa ɗaurin zare, sako-sako a tushe, ya kwana biyu. Da kin warware za ki same shi ya miƙe ba tare da wuta ta taɓa shi ba. In lokaci ya ƙure, diraya a mafi ƙarancin zafi, da man kariya daga zafi, hannu yana riƙe da gashin a miƙe. Ba na goyon bayan a sa rilaksa saboda gyaran yini guda, wadda kuma ta riga ta sa, ta bari a yi aƙalla mako biyu kafin ta ɗora wa kan wani nauyi.

Kada ki damu in gashin bai yi santsi sumul irin na hoto ba. Gashinmu yana da wata riba a nan: yana da cika, yana tsayuwa da kansa, fil kuma yana kama shi. Mace mai gashi silili sai an cusa mata gashin wata dabba mai suna yak kafin gefen kanta ya buɗe. Ke rabin wannan cushen ya ishe ki.

A waɗannan kwanakin ki haɗa cushenki. Ki yanka safa, ki cika da auduga ko ulu, ki ɗinke baki. Biyu masu tsawon tafin hannu, masu lanƙwasa kaɗan, na gefe. Ɗaya ƙarami kamar yatsu biyu a haɗe, na gaba. Ɗaya siriri na ƙeya. Na ƙarshe ki yanke kan safa ki naɗe ta tana shiga cikin kanta har ta zama kamar ɗan gammo mai rami a tsakiya, shi ne zuciyar dunƙulen sama. Ki ɗora su duka a tafin hannu ki ji: in kin ji nauyi, ki rage. Wadda ba ta ƙarin gashi saboda addini, hankalinta ya kwanta, babu silin gashin kowa a cikin wannan haɗin.

Mataki na farko: tsaga

Gyaran gashin gargajiya na Japan, nihongami, gida-gida yake, kowane gida da sunansa. Maegami shi ne na gaban goshi. Bin su ne na gefe biyu. Tabo na ƙeya. Ne shi ne tushen da ke tsakar ka, wanda komai ke komawa gare shi. Mage kuma shi ne dunƙulen da ake yi a ƙarshe.

Ki fara da na gaba: daga saman tsakiyar girar dama zuwa saman tsakiyar ta hagu, ya shiga ciki kamar faɗin yatsu huɗu, bayansa ya ɗan zagaye. Ki kama da fil. Na gefe kuma daga iyakar na gaba ya sauko har bayan kunne da kamar yatsa ɗaya, dama da hagu daidai wa daida. Ki tsaya ki gwada su a madubi, don in ɗaya ya fi ɗaya yawa babu dabarar da za ta ɓoye shi daga baya. Sannan ki zagaye tsakar ka. Abin da ya rage a ƙasa shi ne tabo.

Tushen tsakar kan nan ki yi shi da faɗi, ya cika tafin hannunki. Idan ƙarami ne, silin gashi kaɗan ne za su ɗauki nauyin dukan gyaran, kuma ta nan sanƙon maiko yake farawa.

Mataki na biyu: ɗaure tushe

Ki shafa mai kaɗan, ki tattara gashin tushen da yatsu, ki ɗaure da ribom na yadi, zagaye biyu. Tsayinsa ya zama a saman bayan kai, inda in kin kalli madubi kai tsaye za ki hango ɗan samansa. Yanzu ki gwada: ki tura ɗan yatsa ƙarƙashin ribom ɗin, ki ɗaga gira, ki sunkuyar da kai, ki waiga dama da hagu. In yatsan bai shiga ba, ko kin ji fatar kai tana bin ɗaurin, ki kwance ki sake. Kowane ɗauri da za ki yi daga nan sai ya ci wannan jarrabawa.

Dabarar da na fi so: a gefen tushen, dama da hagu, ki yi ɗan kitso kwance guda ɗaya-ɗaya, gajere, marar matsi. Ba za a gan su ba, amma duk fil ɗin da za ki soka daga baya a cikinsu zai zauna, maimakon ya rataya a silin gashi uku ko huɗu.

Mataki na uku: ƙeya

Ki taje tabo sama, ki sa siririn cushen a ƙarƙashinsa daidai ƙashin ƙeya, ki rufe, ki kai bakin gashin wurin tushe ki ɗaure su tare da zare. Salon Kiyoto ba ya son ƙeya mai saukowa sosai irin ta tsohon salon Edo, wato Tokiyo ta yau. Ɗan tudu ne mai zagaye da ke barin wuya a fili. Ƙananan gashin ƙeya da suka ƙi hawa, ki kwantar da su da mai ki ƙyale su. Su ne mafi rauni a kai, ba a jan su.

Mataki na huɗu: gefe biyu

Nan ne gyaran yake kyau ko ya lalace, don haka ki ba shi lokaci. Da bin ake gane nihongami tun daga nesa: gashin ya buɗe daga fuska ya yi waje, sannan ya lanƙwaso ya koma baya.

Ki saki gefe ɗaya. Ki murza mai a tafin hannu har ya narke, ki shafa daga tsakiyar gashin zuwa baki, abin da ya rage a hannu ki goga a tushe. Ki ɗaga gashin duka ki miƙar da shi waje, daidai da kafaɗa, ki bi shi da burushi mai laushi har samansa ya kwanta. Ki ɗauki cushen gefe ki manna shi a kai, a bayan wannan gashin da saman kunne, lanƙwasarsa tana bin zagayen kai, ki kafe shi da fil biyu, ɗaya a cikin ɗan kitson nan da kika yi. Sai ki kwanto da gashin a kansa a hankali, kina buɗe shi da yatsu ya bazu ya rufe cushen ko'ina, bakin yana nufar tushe. Kafin ki ɗaure, ki riƙe bakin da hannu ɗaya ki ɗan turo shi gaba, wajen fuska, kamar faɗin yatsa guda. Wannan 'yar turawar tana yin abu biyu: tana buɗe gefen ya yi faɗi, tana kuma sauke ja daga gashin gaban kunne da gefen goshi. Ki kafe a nan da fil biyu a gicciye, sannan ki haɗa bakin da tushe. Gashin ya rufe saman kunne, ƙasan kunnen ya fito.

Za ki ga masu koyarwa da yawa suna taje gashi a juye, daga baki zuwa tushe, don ya kumbura. Kada ki yi. Yana ɗaga ɓawon silin gashi, ga mai murɗiya kuma ƙulli yake haifarwa wanda sai almakashi. In gefen bai cika ba, ki ƙara auduga a cushe.

Ki yi ɗaya gefen, ki ja da baya daga madubi ki duba. Da wuya su zo daidai a karon farko. Ki gyara da tsinken mataji, kina zura shi a ƙarƙashi kina ɗagawa kaɗan-kaɗan, ba sai kin kwance ba. In cushe yana leƙowa ta wani wuri, ki ja gashin kusa ki rufe, ko ki lulluɓe gefen da siririyar raga baƙa. Daga taku biyu ba mai ganinta.

Mataki na biyar: gaban goshi

Ki ɗaga maegami sama, ki sa ƙaramin cushen a bayansa, ki kwantar da gashin baya, ki turo shi gaba kaɗan yadda kika yi wa gefe, ki ɗaure da zare a bayan cushen. A kan wannan ɗaurin maiko ke ƙulla ɗan jan yadi da ake kira chinkoro. Ki yanki siririn ƙyalle ki ƙulla, kunnuwansa biyu su tsaya gajeru. Ragowar gashin ki kai shi tushe.

Mataki na shida: dunƙulen sama

Yanzu duk bakin gashinki ya taru wuri ɗaya. Ki zura shi ta ramin cushen nan mai zagaye, bayan kin naɗe cushen da jan yadi. Ki zaunar da shi a kan tushe, ki kafe da fil masu baki biyu a kusurwa huɗu. Kowane fil ya kama cushen, ya ɗan kama gashin ƙasa, ya kwanta a jikin kai, kada bakinsa ya tokari fata. Ki raba gashin da ya fito ta ramin gida biyu, dama da hagu. Kowane rabi ki baza shi ya rufe gefensa na cushen, ki cusa bakin a ƙarƙashi ki kafe. Ki bar tsaga a gaba da baya inda ja zai bayyana. A tsakiya ake sa wani ado mai zagaye, kanokodome. Ƙaramin fil ɗin ado marar nauyi zai tsaya a madadinsa.

In gashinki bai kai ya rufe ba, ki naɗe gefen cushen biyu da baƙin yadi tun farko, ki bar jan a gaba da baya kawai.

Mai son kamannin babbar maiko sai ta yi ofuku, wanda ake komawa bayan shekara biyu ko uku ana koyo: dunƙulen ya ɗan sauko, a rufe gabansa gaba ɗaya, a manna ƙyalle mai kusurwa uku a bayansa ta ƙasa. Sauran salon, irin su katsuyama na bikin Gion a watan Yuli, yakko shimada na sabuwar shekara, da sakko da maiko ke yi a makonninta na ƙarshe kafin ta zama cikakkiyar geisha, suna buƙatar ƙarin gashi da hannun gwani. Ki bar su.

Ado

Kanzashi, wato tsinken ado, yana bin wata. A Fabrairu furen ume, a Afrilu sakura, a Mayu fuji mai zubowa, a Yuli 'yan ƙananan mafitai, a Oktoba furen kiku, a Nuwamba jajayen ganyen kaka. A Disamba akan sa mai ƙananan alluna biyu, waɗanda 'yan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, na gidan wasa na Minamiza da ke Kiyoto ke sa wa hannu. Ki zaɓi wanda ya dace da lokacin, alama ce ta kin san abin da kike kwaikwayo. Furen yana zama a hagunki, mai siraran ƙarafa masu lilo a damanki, mai dunƙulen dutse ɗaya a baya: ja a lokacin sanyi, kore a lokacin zafi. Furannin da yankakken siliki ake yin su, murabba'i ƙanana da ake ninkewa da hantsaki a manna da kokon shinkafa. Mai haƙuri za ta iya yin nata da ragowar yadi.

Kowane tsinke a cikin cushe zai shiga. In kin ji sanyin ƙarfe a fatar kai, ya wuce wurinsa. Kuma in kai ya yi ƙaiƙayi kada ki sosa da tsinke, ki danna wurin da tafin yatsa.

Warwarewa

A ranar za ki kwance, kafin barci, komai gajiya. Awa shida zuwa takwas ya isa. In kuwa ciwon kai ya taso, ko wani wuri yana zafi, ko kin ga ƙananan ƙuraje a gefen goshi, ki kwance nan take ko da taro bai watse ba.

Ki bi ta baya: ado, dunƙule, gaba, gefe, ƙeya, tushe a ƙarshe. Zare ki yanke shi da ƙaramin almakashi, ki ɗaga shi daga gashin tukuna. Fil ki buɗe bakinsa kafin ki zare. Ki ƙirga fil ɗinki tun kafin ki fara, ki sake ƙirgawa yanzu, don wanda ya ɓuya ya kwana a kai yana karya gashi. Kada mataji ya taɓa kan tukuna. Ki fesa ruwa kaɗan, ki sa kwandishina ko mai, ki raba da yatsu, sannan ki taje daga baki. Ki murza fatar kai a hankali, musamman tsakar ka, ki yi manyan kalaba huɗu sako-sako ki ɗaura ɗankwali mai santsi.

Wadda ta riga ta sa kaki, na Japan ko na zuma, ta ɗumama man zaitun ya yi ɗumi kaɗan, ta jiƙa gashin da shi, ta rufe na minti 30, ta share da tsumma mai laushi, sannan shamfu sau biyu da ruwan ɗumi. Mai ne ke narkar da kaki. Sabulun wanki ko na wanke-wanke zai fitar da shi, amma zai bar gashin a bushe ƙayau yana karyewa.

Ki ba kan hutun mako biyu ko fiye kafin ki sake, in kin sake kuma ki ɗan matsar da tushen gaba ko baya, kada ya zauna a wuri ɗaya.

Mai son babban gyaran kan cikakkiyar geisha, wato shimada, ta yi abin da su ma suke yi, ta nemi hular gashi. A yi kitso kwance marar matsi a ƙasa, a sa hula mai santsi, a guji gam da ƙananan matajin cikin hular da ke cizon gaban goshi.

Akwai waɗanda zan ce su dakata gaba ɗaya: mai jego da gashinta ke zuba, yarinya ƙarama, mai ƙuraje ko makero a kai, da wadda gefen goshinta ya riga ya fara ja da baya saboda kitso mai matsi. Zubewar gashi da ja ke haddasawa tana warkewa in an daina jan da wuri, amma in aka daɗe tushen gashin yakan mutu, wurin ya yi sumul, babu man da zai dawo da shi. In kin ga wani wuri ya yi fili kuma wata biyu ko uku sun wuce bai tsiro ba, ki je wurin likitan fata.